Kafaɗar Safinatu Mai Fura

Safinatu Mai Fura haifaffiyar Danchadi ce, aure ya kai ta Shagari, gidan Maniru mai noman albasa. Gajeriya ce kakkaura, kuma dariya ba ta yi mata wuya. Ko akuya ta gani ta sa kai a tukunya, sai ta zauna ƙasa ta yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye, akuyar kuwa ta ci rabonta ta wuce. Tun tana amarya ta fara fura, amma daka ce ta fito da sunanta. In ana lugude a gidan biki, ita ce mai cilla taɓarya sama, ta tafa, ta juya, ta cafe, ba ta ɓata wa abokan daka kiɗa ba. A haka ta aurar da 'ya'yanta, ta fara ganin jikoki.

Bayan ta haura hamsin, wata safiya ta miƙa hannun dama za ta ɗauko faifai a kan rumfa, sai ta ji kamar an soka mata tsinke a kafaɗa. Ta ce kwanciya ce ta yi ba daidai ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, ciwon yana nan, hannun kuma kullum tafiyarsa raguwa take. Ya daina kaiwa ka, ya daina kaiwa baya. An shafa man shanu, an gasa da ruwan zafi. Maɗori ya lalluba ya ce babu karaya, ƙashi bai goce ba, wannan ba aikinsa ba ne.

Da ɗaurin ɗankwali ya gagara, Maniru ya karɓi aikin, shi da bai taɓa ɗaure komai ba sai bakin buhun albasa.

"Malam, wanga kai na, ba buhu ba," in ji Safinatu.

"Tsaya shiru, saura ƙulli guda."

Haka take fitowa tsakar gida, ƙulli tsaye a goshi, gira ta ɗage sama kamar wadda aka ba labarin mamaki. Kafin masu sayen fura su fara dariya ita ta riga su. Sai ranar da jikarta mai rarrafe ta miƙo hannu a ɗauke ta, Safinatu ta sunkuya ta kasa ɗaga ta. Ta shige ɗaki ta yi kuka. Washegari Maniru ya sa ta a mota suka nufi Sakkwato.

A asibiti aka tura su sashen gashin ƙashi, wurin wata matashiyar likita mai suna Kausar. Safinatu ta ƙi shiga hannu rabbana, ta ajiye mata ƙullin albasa a kan tebur. Kausar ta dafa mata baya da hannu ɗaya, ta ɗaga mata dantse a hankali da ɗayan.

"Inna, kin ji abin da ke motsi a bayanki? Allon kafaɗa ne. Shi kaɗai ke ta fama, gaɓar kanta ta tsaya."

Ta kwance ƙullin ta ɗauki albasa guda, ta ɗora a kan cokalin shayi.

"Ƙashin cinya a ƙugu yake kamar taɓarya cikin turmi, rami ne mai zurfi. Kafaɗa kuwa ga ta nan. Kan ƙashin dantse ne albasar, mazauninsa a jikin allo ɗan wannan cokalin ne. Shi ya sa hannu ke zuwa sama, ya je baya, ya kewaya ko'ina. Tsoka da jijiyoyi ne suka riƙe shi kada ya faɗo. Akwai kuma wata 'yar jaka da ta lulluɓe gaɓar. Taki ce ta kumbura, ta ƙanƙance, ta matse albasar."

Safinatu ta dubi cokalin, ta dubi mijinta.

"Malam, ka ji? Shekara da shekaru kana wahalar fadama, ashe da albasata niz zo gidanka."

Dariya ta kama ta har ta zame daga kujera, Kausar ma sai da ta juya baya ta share ido. Da suka natsu Kausar ta nuna mata aikin da za ta riƙa yi a gida. Ta ce ta dafa tebur ta sunkuya, ta saki hannu ya yi ta lilo kamar guga a rijiya. Sannan ta fuskanci bango, ta sa yatsu su hau shi a hankali kamar gizo-gizo, in ta ji ja mai zafi ta tsaya. Ta ce abin zai ɗau watanni, kuma kada kowa ya fizgi hannun da sunan taimako.

Ran da Safinatu ta fara, maƙwabciyarta Zulai ta shigo sayen fura, ta tarar da ita ta manne da bango tana shafa shi.

"Lafiya, Mai Fura? Mi kike nema?"

"Magani nike sha."

"Ga bango?"

"Zo ki ɗanɗana."

Zulai ta ajiye kwano ta gwada, ta ce ai ita ma tata kafaɗar tana ƙara. Kafin kasuwa ta zagayo, duk hantsi sai ka ga mata sun jeru a bangon gidan Maniru, yatsu na hawa, ana gardamar wa ta fi nisa. Safinatu ce ta baya kullum, ita ce kuma mai ba da darasi. Ta ɗauko ludayi da curin fura ta nuna musu yadda gaɓar take, in ta gama ta dama curin ta sayar. Maniru ya dawo daga fadama ya ga layin, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama da ƙarfi, ya ce shi dai a bar masa bango da sauran yaɓe.

Wasu ranakun hannun ya ci gaba, wasu ya koma baya ta wuni ba walwala. Ita da Maniru suna komawa wurin Kausar lokaci lokaci, ta auna, ta ƙara wani motsin.

Da rani ya yi nisa suka je Bodinga cin kasuwa. Sun fito da kaya suna bakin titi, Safinatu ta hango keke mai ƙafa uku yana tahowa babu kowa, ta ɗaga hannu ta tsai da shi. Sai da ya tsaya ta lura da inda hannun yake, can sama, kusa da kunnenta, kuma na daman ne.

"Inna, ina zuwa?" in ji mai keken.

"Ba ko'ina, ɗana. Tahi, Allah shi yi maka albarka."

Ta ƙi sauke hannun. Wani keken ya tsaya, wani ya tsaya a bayansa, har wata bas mai zuwa Sakkwato ta rage gudu. Tana ta dariya tana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya.

"Safinatu, kin tara muna jama'a," in ji Maniru, shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Bar ni in tsai da guda kuma."

Ta tsai da shi, shi suka hau zuwa tashar motocin Shagari.