Gefen Ja'afar na Kukar Baba Maiwada

A bakin wani ɗan acaɓa na fara jin sunan Baba Maiwada. Inna ce ta aike ni Toranke daga Gaya, muna tafe ya ce, "A kukar Maiwada za ki sauka, ko cikin gari?" Da na dawo na tambayi Inna, sai ta riƙe haɓa. "Ƙanin kakarki ne fa! Ashe ba ki san danginki ba."

Kukar tana bakin hanya. Ta gabas rassanta duk dungulmi ne, ta yamma kuwa ta yi luf har tana neman taɓa ƙasa. Bara ƙanena Mudassir ya ɗauki hotonta ya sa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, aka yi ta magana. Da muka je gaishe da Baba, na karanta masa abin da suka rubuta a wayata.

"Wani ya ce wanzami ne ya fara mata aski, aka kira salla."

Ya yi dariya har da tari. "Wannan ɗan waye? Allah ya shirye shi."

"Wani kuma ya ce aljanu ne suka kama gefe ɗaya, shi ya sa ba a taɓawa."

Nan dariyar ta tsaya. "Ba na aljanu ba ne, na Ja'afar ne."

Kukar a kan iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa Ja'afar ta fito. Tun suna samari suka raba ta da baki: gabas na Maiwada, yamma na Ja'afar. Daga baya Ja'afar ya kwashe iyalinsa ya tafi kudu neman abinci. Ya ba wani aron gonar, amma bai ce komai a kan kuka ba. Tun ba a haifi Inna ba, har yau babu labarinsa.

Kowace kaka Baba yakan sare ganyen gabas, a shanya, a daka. Yamma ko ganye ɗaya. Matarsa, Iya Rahmatu, ta ce min a shekarar da abinci ya yi wuya ta tsaya ƙarƙashin kukar tana faɗa, ga miya a sama, ga yara da gayan tuwo. Shi kuwa ya ce, "Idan ya dawo, na ce masa me?" Tana ba ni labarin tana harararsa, amma muryarta cike da alfahari. Ni ma duk wanda ya tambaye ni, nakan ce kakana ne.

Yanzu ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa ke hawa, kuma ya san ranar da ba shi za su bi ta ko'ina da adda. Da za mu tafi ya riƙe wayar yana kallon hoton.

"Kadijatu, wannan abin yana zuwa kudu?"

Na ce yana zuwa.

"To ki sake sawa. Ki rubuta a ƙasa, duk wanda ya san jinin Ja'afar na Toranke, ya gaya musu su zo tun ina da rai, in nuna musu nasu gefen."