Gabas Biyu a Ajingi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano a Landirobar ofis, ni da direba da akwatin awo. An kafa wa ɗakin shan magani na Ajingi rediyon kira, don malamin asibiti ya riƙa neman mota daga Gaya in ciwo ya fi ƙarfinsa, amma murya ba ta isa. Umarnin da aka ba ni: in eriyar ce ta lalace, in kwanto ta.

Kwalta ta raka mu Wudil, daga nan ta yi mana sallama. Sai jar ƙasa da ramuka, gyaɗa ta yi kore shar hagu da dama. A Gaya muka karya da koko da ƙosai wajen wata dattijuwa da har yau ba ta yarda da naira ba, sule da sisi take kira. Direba ya ci kamar an aiko shi.

Malamin asibiti ya tarbe mu da fura, fuska ba walwala. Ya ce, "Injiniya, in kuka tafi da eriyar nan, keke zan koma hawa zuwa Gaya, ga damina ta kankama."

Awon ba wuya. Ana zagaya eriya a kusa da ƴar sanda mai waya, abin da allurar akwatin awo ta nuna shi ke gaya maka inda murya za ta kai. Amma dole sandar ta kalli waje guda. Na ba wani dattijo, maigadin wurin, sandar, na ce, "Baba, duk inda muka tsaya, bakinta gabas."

Ko'ina allura ƙasa take yi. Raina ya ɓaci, na kasa haɗa ido da malam.

Da muka tashi azahar na bi Baba sahu, sai na lura inda ya fuskanta nan ya yini yana nuna sandata. Na ɗauko kamfas. Ashe alƙibla ya ba ni, ita kuwa ta ɗan karkata arewa.

"Baba, ai gabas ɗin fitowar rana nake nufi."

"Ɗan nan, gabas har nawa ce? Wadda nake kallo tun ina yaro na ba ka."

Dariya ta ƙwace mini, na ji ƙaunar tsohon nan har zuciya. Da yake ko sau ɗaya bai kauce ba, karkatar iri ɗaya ce ko'ina. Na auna ta, na cire daga lissafi, eriya ta fito lafiya lau. Laifin na wata waya ne da ta saki a bayan akwatin rediyon.

Malam ya kira Gaya, aka amsa tangaram. Ya miƙe tsaye yana ta gaisuwa, har gajiya da iyali, ya manta gwaji muke.

Mun iso gida da magariba, taɓo har gwiwa. Tafiyar ta koya mini cewa in mutum mai gaskiya ya karkata, gyaransa ba wuya, don kullum waje ɗaya yake karkata. Eriya tana nan Ajingi.