Motar Baba 'Yar Faransa

Mahaifina wakilin dagaci ne a garin Turawa, kuma duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar tsohuwar motarsa. Ni ke tuƙa shi. Shi kuwa yana can baya ya kame, gefen dama, wurin zaman masu abu, yana ɗaga wa mutane hannu ko ba su gaishe shi ba.

Kullum maganarsa ɗaya: motarsa 'yar Faransa ce, fitowar farko, ba irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna ba.

Yana da wani taubashi a Rogo, dattijo mai bakin tsiya. Ran wani suna, a gaban jama'a, ya ƙwanƙwasa but ɗin motar ya ce, "Bawana, wannan gwangwanin ai haɗin Kaduna ne."

Baba ya tashi har hularsa na faɗuwa. "Wallahi ban taɓa zama cikin haɗin Kaduna ba, ba kuma zan zauna ba!"

To fa, an yi rantsuwa. Muka ɗunguma Karaye wurin bakanike, taubashin ma ya biyo mu. Bakaniken ya ce abu mai sauƙi ne: kamfani na buga lamba a jikin ƙarfen kowace mota, lambar shasi, farkonta ke nuna fitowar da aka yi ta da inda aka haɗa ta. Ya buɗe bonet, ya kankare fentin da Baba ke lafta mata duk sallah, ya karanta.

"'Yar Faransa ce, Alhaji. Fitowar farko."

Baba ya yi hamdala, har da rangaji. Ni ma sai da na ji sanyi.

Sai taubashin, Allah ya shirye shi, ya ce, "Ni ai baya na ƙwanƙwasa."

Bakanike ya ɗaga shimfiɗar but, ya haska. Akwai wata lambar, kuma ba ta yi kama da ta gaba ba. Ya shiga ƙarƙashi ya bi layin walda da yatsa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ashe motoci biyu aka haɗe tun kafin Baba ya saya: gaba Faransa, daga kujerar baya zuwa but Kaduna.

Na tausaya wa Baba ƙwarai, amma dariya ta kusa shaƙe ni.

Baba ya zaga ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni kamar yaron mota. Taubashin ya gyara babbar riga ya shige baya, gefen dama.

"Ku ja mu tafi," in ji taubashin.

Har Baba ya bar duniya bai sake zama a baya ba.