Ranar da Hannuna Ya Kasa Kai Kunne

Matso kusa ka ji abin da ya same ni a Tsafe, wata Litinin a ƙarshen daminar 1998, ana yankan gero. Ina tsaye gaban teburin hedimasta, hannuna na dama a kan kaina, ina miƙa yatsu in taɓo kunnen hagu. Haka ake ɗaukar yara firamare a lokacin. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga aji.

Inna ta daɗe tana shirin wannan rana. Baba, direban motar Gusau, ya riga ya yanke magana: in ba a ɗauke ni bana ba, zai kai ni 'Yankuzo wajen kakata, wadda ciwon ƙafa ya hana ta ɗebo ruwa. Inna kuwa aji biyu kawai ta yi, amma ta mai da tsakar gidanmu makaranta. Tana surfe ina ƙirga bugun taɓarya. Tana ɓarar gyaɗa ina jera ƙwayoyin goma-goma, in na ɓata ta kwashe a sake. Ta share ƙasa ta zana min baƙaƙe da tsinken tsintsiya, kaji su bi su tattake, ta kuma zanawa. Kullum da safe sai ta shafa min man shanu a kafaɗa, ta yi ta jan hannun nan har in yi kuka, ita ma idonta ya ciko. "Haƙuri, ɗiyata, saura kaɗan." Ana gobe za mu tafi ta tsefe min kai, ta yi min kitso a kwance lif, don kada gashi ya tare hanya.

Duk da haka yatsana ya tsaya daf da kunnen. Na karkata wuya, hedimasta ya gyara min kai da rula.

"Malam, tambaye ta ƙirga! Har hamsin ta iya," in ji Inna. Ban jira ba na fara, ina kuka ina ƙirgawa. Ina kan sha bakwai hedimasta ya kira na bayana.

Ranar Juma'a Baba ya ɗora ƙunshin kayana a mota. Inna ba ta fito rakiya ba. Shekara huɗu na yi ina ɗaukar tulu a 'Yankuzo. Da na dawo aka sa ni aji ɗaya, na fi kowa tsawo, yara na ce min "Antin aji". A aji uku na gudu daga makarantar.

Yanzu 'yata Hafsat, shekararta huɗu, kullum tana dawowa daga nasare a Sabon Gari da aikin gida. Ƙirga da baƙaƙe duk ni nake koya mata, abin da Inna ta ba ni ke nan. Jiya ta miƙo min shafin da ya fi ƙarfina, ta tsare ni da ido tana jira.

Kai da ka yi karatu, me zan ce mata?