Daminar Da Na Koya Wa Inna Alƙawarin Ƙasa

Yayana yana da shagon cajin waya a bakin kasuwar Maigatari, shi ne kuma mai tura wa mutane fina-finai. Duk abin da ya shigo sabo a gidanmu ake fara ganinsa. Bayan la'asar yakan jingina wayarsa da gwangwanin madara a kan tabarma, mu kewaye ta. Ni a baya nake zama, kusa da randa, don ba na son a ga fuskata in abin tsoro ya zo.

Ya fi son fina-finan sararin samaniya waɗanda aka fassara da Hausa, mutum ɗaya yana yin muryar kowa, da shugaban ƙasa da tsohuwa da na'ura. Kusan kullum duniya ce za ta tashi. Ko wani dutse ya taho daga sama, ko rana ta fara mutuwa, ko wasu halittu sun sauko. Na lura kowace ƙasa da yadda take ceton duniya. A na Amurka mutum ɗaya ne mai taurin kai da ya ƙi bin umarnin manyansa, kuma ba a gamawa sai an nuna tuta tana kaɗawa. A na Sin dubban mutane ne cikin kaya iri ɗaya, kowa ya tsaya inda aka ajiye shi, in na gaba ya faɗi na bayansa ya karɓi igiyar. A na Indiya kuwa masanin ba ya danna komai sai ya je ya durƙusa ya taɓa ƙafar mahaifiyarsa.

Wata rana Yaya ya ce, "To in namu ne fa, yaya za a yi?"

Baba yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba ya ce, "Kwamiti za a kafa."

Inna ta yi dariya har ta ajiye tsintar shinkafar da take yi. Inna 'yar tsallake ce. A wani ƙauye na ƙasar Damagaram aka haife ta, kuma tun da na yi wayo take zuwa can biki ko gaisuwa kamar mai shiga wata unguwa. Ban taɓa ɗaukar ta baƙuwa ba, sai dai in ta ce salula maimakon waya mu yi mata dariya.

Akwai fim ɗaya da ya zauna mini a rai. Iska mai guba ce ta taso za ta rufe duniya, sai wata babbar ƙasa ta gina birni na ƙarfe mai ƙofa ɗaya. Mutane suka yi layi. In ka zo ƙofar sai ka ɗora hannu a ƙirji ka faɗi kalmomin ƙasar, fitila ta kawo kore ka shige. Wanda bai iya ba ta kawo ja. Da lokaci ya yi sojan da ke ƙofar ya ja ƙarfe yana hawaye, kiɗa ya tashi, na ciki suka rungumi juna. Mai fassara ya ce, "Jarumi ke nan, ya ceci al'ummarsa."

Ni kuwa idona yana kan wata mata a gefen hoton, a waje, da ɗankwali ruwan ɗorawa, tana riƙe da kular abinci. Sau ɗaya aka nuna ta. Na jira a koma kanta har rubutun ƙarshe ya gama hawa.

A hankali na ce, "Yaya, matar nan mai kula fa?"

"Wace mata? Ke dai kin cika kallon abin da ba a sa ki ba."

A daminar nan ƙanwar Inna ta haihu a can, Inna ta tafi yi mata wankan jego. Ta hau amalanken masu komawa daga kasuwa, ta ce mini in kula da kajinta, in rufe taga in hadari ya taso. Ba ta daɗe da tafiya ba aka ce sojoji sun karɓi mulki a can. Sai aka ce an rufe boda.

Da farko ban gane ba. Na fara ganewa ne a hanyar makaranta, inda manyan motoci suka yi layi ba sa motsi, direbobi suna shanya rigunansu a jikin madubi. Wata motar albasa ta fara zubar da baƙin ruwa, warin yana bin mu har aji. Ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta ci rabi da rabi, ban ga raƙuman da na saba gani ba. Rediyo ya fara maganar yaƙi. Gwaggona ta bugo daga Gumel ta ce a tura mata yara kafin abu ya lalace. Baba ya ce babu inda za mu, amma daga ranar rediyon bai bar kunnensa ba. Wayar Inna kuma a kashe. An ce an yanke musu wuta, babu wurin caji.

Kowace safiya a makaranta muna yin layi a gaban tuta, mu ɗora hannu a ƙirji mu karanta alƙawarin ƙasa da Turanci. Na daɗe ina yi ba tare da tunani ba. Wata safiya ina tsakiyar yi sai bakina ya tsaya. Inna ba ta iya shi ba. Ba ta taɓa tsayawa gaban wannan tutar ba. Ɗan karatun da ta yi a can ta yi shi, da Faransanci, kuma ta ce ta manta. Na ga ta a layi da ƙwaryarta, na ga fitilar ta kawo ja. Na san fim fim ne. Amma kwanaki kaɗan kafin nan na san boda ma ba a rufe ta.

Ban gaya wa kowa ba. Da Yaya ya dawo cin abincin rana na ce ya ara mini wayarsa zan duba aikin makaranta. Na zagaya bayan rumbu inda kaji suke kwanciya, na danna wurin ɗaukar murya. Na ce, "Inna, ni ce. In kin zo boda suka tsare ki, ki ɗora hannun dama a ƙirji ki faɗi wannan." Na karanta shi layi-layi, ina tsayawa bayan kowanne don ta maimaita, yadda malamarmu ta yi mana a firamare. Zakara ya yi cara a tsakiya, ban sake ba don kada Yaya ya neme ni. Na tura wa Kawu, wan Inna, shi ne mai babbar waya a can.

Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon. Yaya ya taɓa gaya mini sai ta zama biyu saƙo ya isa. Kullum in ya shiga wanka ko ya tada salla sai in leƙa. Ɗaya. In aka yi tsawa sai in tsaya in saurara ko tsawa ce. Wani jirgi ya wuce can sama wata rana muna aji, kowa ya ruga taga, ni na zauna na riƙe bencin da hannu biyu.

Yaya ya gano saƙon. Ya kunna shi a tsakar gida, da carar zakaran da komai.

"Baba, zo ka ji malama. Ta buɗe wa Inna makarantar yaƙi da jahilci ta waya."

Na sunkuyar da kai. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Kashe. Kai me ka tura mata?" Yaya ya kashe. Ni kuwa Baba bai ce mini tsorona shirme ne ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Daga baya alamar ta zama biyu. Amsa ba ta zo ba.

Bayan an yi arba'in ɗin jegon, wata rana da hantsi Baba ya ce in ɗauko buta in biyo shi gona. Gonarmu tana arewa da gari, gero ya fi tsawon mutum. Muka ratsa har ƙarshenta, inda wani tsohon ƙarfe yake kafe, wake ya naɗe shi. Na sha wuce shi, har na taɓa rataya takalmina a kai.

Baba ya ce, "Ga bodar taki. Zauna, kada ki yi magana."

Muka zauna a cikin kunya. Ƙarar babur ɗin masu sintiri ta taso daga nesa, Baba ya danna kafaɗata muka duƙa har ta wuce. Sai karan gero ya fara motsi daga wancan gefen, ba irin motsin iska ba. Ƙwarya na fara gani, sannan ɗankwali, sannan Inna, ƙafafunta duk taɓo, ta rame. Ta tsallake kunya ɗaya ta zo inda muke. Ita ta ɗaga ni daga zaune.

Ashe Kawu ya aiko wa Baba saƙo ta bakin wani ɗan kasuwa cewa yau za ta biyo ta gona. A hanya take gaya wa Baba cewa shekaranjiya ta gwada babbar hanya aka mayar da ita. Ta juyo wurina.

"Na yi abin naki fa. Kullum ina hura wutar wanka Kawunki yana kunna mini, har matan gidan suka iya farkon. Da mai kakin ya tsare mu na ɗora hannu a ƙirji na fara. Ya tsaya yana kallona. Ya ce, 'Hajiya, ni kaina ban iya shi duka ba. Ba a wucewa, umarni ne.'"

Baba ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun tafiyarta. Ni ban yi ba. Ashe ko ta iya ba a wucewa.

Da la'asar, bayan ta yi wanka ta ƙirga kajinta, na ba ta labarin birnin ƙarfe, ta ce Yaya ya nuna mata fim ɗin da ya hana 'yarta barci. Ya kai daidai wurin ƙofar. Na sa yatsa na nuna mata matar mai kula. Inna ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Baiwar Allah. Da ta bi ta gona."

Na matsa na jingina da ita. Ban gaya mata a fim ɗin babu gona ba.