Rawaya a Idon Magini

Na yi kusan shekara uku ina aiki a butikin kawuna a Tamanrasset. Shi yana gaba yana sayar da salula da caja, ni ina can ƙurya da ordinater, wato kwamfuta, da injin buga hoto. Na gama jami'a a Yamai, na karanta labarin ƙasa, na zauna gida fiye da shekara ina kai takardun neman aiki buro-buro, ofis bayan ofis, babu wanda ya kira ni. Sai kawu ya aiko cewa in zo, tunda na iya faransanci zan gane abin da injin yake rubutawa. Ban yi masa musu ba, ko da yake ban taɓa buga hoto ba a rayuwata.

In za ka buga hoto, tambaya biyu ake yi maka. Manhajar hotuna da ke cikin ordinater tana tambaya ko ita za ta daidaita launi. Shi ma injin yana da tasa tagar, yana yin wannan tambaya, kuma a ƙasa akwai wani ɗan akwati na gyaran hoto kai tsaye, mai haskaka fuska da ƙara wa launi ƙarfi. Ni mutum ne da ke komawa sau uku ya ja kwaɗon ƙofa. Ranar farko na duba, na ce in ɗaya ya yi kuskure ɗayan zai tare, sai na amsa i a ko'ina. Haka na yi watanni ina bugawa. Ƙwan fitilar butikin kansa rawaya ne, komai a ƙarƙashinsa kama ɗaya yake, kuma babu wanda ya taɓa dawo da hoto.

Akwai wani magini, mutumin wani ƙauye kusa da Damagaram, zai kai shekara hamsin. Kowace shekara kafin babbar salla yakan buga hotonsa a takarda ya ba direba ya kai wa mahaifiyarsa. Tsohuwar ba ta yarda da hoton salula ba, tun ranar da jikokinta suka nuna mata hoton kanta a salula tsaye kusa da jirgin sama, alhali ba ta taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. Takarda take so, ta riƙe a hannu, ta fita tsakar gida ta duba a rana. A waccan shekara ni na ɗauke shi, ni na buga.

Bayan sati biyar ya shigo da hantsi, ƙurar siminti har gira. Ya gaida kawu, ya wuce wurina kai tsaye.

"Ɗan lekkol, me ka zuba mini a hoto?" Haka yake kirana, wato ɗan boko.

Na ce ban gane ba, yaya. Ya ciro salula ya danna mini saƙon murya. Muryar tsohuwa ce, tana ɗaga ta kamar mai kiran wani a gona.

"Na ga hoton. Na nuna wa kowa a gidan nan. Idonka rawaya, fuskarka rawaya. Ciwon shawara ne, kada ka ce mini ba shi ba ne, shi ya ɗauke ubanka ina kallo. Ka taho gida. In ba ka taho ba, ni ina tafe, na riga na tambayi motar Agadas."

Ya kashe. Ya ce wannan shi ne saƙo na huɗu. Ya rantse mata lafiyarsa ƙalau, ya aika hoton salula, ta ce a kau da shi daga gabanta. Matar ta haura saba'in, kuma duk wanda ya bi hanyar nan ta hamada ya san ba ta tsofaffi ba ce. Shi kuma bai daɗe da samun aiki mai ɗorewa a wani shantiye, filin gini, ba, bayan wata da watanni na tsayuwa bakin titi jiran mai ɗaukar lebura. In ya tafi, kafin ya kai iyaka an ba wani gurbinsa.

"Akwai direba ɗan garinmu da zai tashi yau bayan la'asar," ya ce. "Ka buga mini wani. Wanda za ta gani ta zauna."

Kawu ya leƙo daga bayan kanta. "Shekara nawa a jami'a, ka mai da bawan Allah ɗorawa?"

Na ce wataƙila tawada ce, ko takarda, ko zafi, ban da tabbas. Kawu ya ce ni ko sunana aka tambaye ni sai na ce wataƙila.

Maginin ya koma aiki, ya ce zai dawo da azahar. Na buɗe tsohon hotonsa na sake bugawa, na fita da shi waje. A rana, fuskar ta yi kamar an shafa mata kurkum, har farar rigar da ya sa ta koma ruwan madarar da ta kwana. Na tuna duk hotunan da na buga a watannin nan, na aure, na suna, na takardun neman aiki, suna can gidajen mutane.

Na fara da tawada, duk kwalaben a cike. Na sa injin ya wanke bakinsa, na buga, babu canji. Na rage rawaya da hannu, sai fuskar ta koma shuɗi-shuɗi kamar ta mai jin sanyi. Takardar hoto tana da tsada a can, kuma kawu yana jin ƙarar injin duk lokacin da ya ja takarda, don haka na riƙa yanko ido da goshi kawai ina jera su ƙanana a takarda ɗaya. Ido goma sha biyu suna kallona, babu na kirki ko ɗaya. Kowane gwaji sai na fita rana, na dawo, na jira idona ya saba da duhun ƙurya. Wuyana ya riƙe. Ban karya ba, kuma ban ji yunwa ba, gajiya kawai.

Daga baya na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na buɗe bayanin injin na karanta daga sama har ƙasa. A can tsakiya akwai layi ɗaya: in manhaja ce ke daidaita launi, a kashe na injin. Ni na sa su biyu suna gyara abu ɗaya, wannan ya gyara, wancan ya gyara gyaran, sannan ɗan akwatin ya ƙara nasa a kai. Na kashe na injin, na cire alamar gyaran kai tsaye. Na kuma ga ashe na bar shi a kan takardar rubutu, alhali mai sheƙi nake sa masa. Na canza. Na ɗauki hoton hannuna a kan farar takarda na buga. Fari ya fito fari, hannuna ya fito nawa. Na sake bugawa sau ɗaya don in tabbata, kawu ya yi tsaki.

Da azahar maginin ya zo. Ya wanke fuska da ruwan butar kawu, ya ari farar jallabiyarsa, na tsayar da shi a inuwar bangon maƙwabta, ba cikin butiki ba. Na ɗauka, na buga, muka fita tare.

Rigar ta fito fara tas. Bangon ya fito da jan nan na ginin garin, daidai yadda yake. Amma farin idonsa bai kai rigar ba. Ba kamar na farkon ba, ko kusa, sai dai akwai ɗan rawaya a gefe-gefe. Na ce bari in duba injin kuma. Na shiga, na bi komai ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya rage a kunne. Na fito na ce masa ya juya fuskarsa wajen haske, na ɗaga takardar kusa da kuncinsa. Ban taɓa kallon idon babban mutum haka ba, na ji kunya. Abin da ke takardar shi ne a fuskar.

"To?" ya ce.

"Yaya, ni ba likita ba ne. Yana iya zama ƙura, ko rashin barci. Amma ina jin, wataƙila, ba duka laifin injin ba ne."

Ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce ai ya ɗan kwana biyu ba ya son abinci mai mai, kuma da la'asar jikinsa yakan mutu, amma wane ne a shantiye jikinsa ba ya mutuwa? Sannan ya miƙo mini.

"Ka goge shi. Ka iya sawa, ka iya cirewa."

Na ce in na goge, ƙarya na buga wa tsohuwa. Ya ce na farkon da na buga mata gaskiya ne?

"Ƙanena, saurara. In ta ga wannan, gobe tana bayan mota. In ta faɗi tsakanin Arlit da iyaka, wa zai ɗauke ta? Kai?"

Na juya wajen kawu ko zai sa baki. Ya ce shi salula yake sayarwa.

Na ce zan yi, amma sai ya yi mini alkawarin zuwa asibiti a auna jininsa. Ya ce in sha Allah, da zarar sun gama zuba rufin bene. Na ce yaushe ke nan? Ya ce kwana nawa ne. Na san wannan ba alkawari ba ne, na kuma san direba ba zai jira ba.

Na koma ƙurya. Ban kunna gyaran kai tsaye ba, na daina yarda da shi. Na zagaye idon biyu kawai, na rage rawaya kaɗan, na duba, na ƙara ragewa. Na tsaya kafin su yi farin da ba na mutum ba, don tsohuwar nan ta fi ni ido. Na buga. Ya duba a rana ya yi dariya, ya ce ga ango. Ya sa a ambulan, ya tuɓe jallabiyar kawu, ya yi sauri wajen tasha.

Bayan kwana goma sha wani abu ya biyo ta butikin da yamma, ya danna mini sabon saƙo. Tsohuwar tana cewa alhamdulillahi, yanzu ta ga ɗanta, ashe maganin shawarar da ta aika masa ya yi aiki, ya ci gaba da jiƙawa yana sha. Ta fasa tafiyar. Ta ce a gaida mai hoton, wannan karon ya yi aikin kirki.

Na tambaye shi asibiti. Ya ce rufin ya ja lokaci, kuma patron, maigidansu, zai kai su In Amguel wani gini na wata biyu, in sun dawo zai je. Na kalli idonsa, amma a ƙarƙashin fitilar butikin ba a gane komai, kuma ban iya cewa mu fita waje ba.

Bayan wata biyun abokan aikinsa suka dawo, shi bai dawo tare da su ba. Wani abokin aikinsa ya ce ya sami wani ginin can gaba, wani kuma ya ce ya ji kamar ya tafi gida. Na kira lambarsa sau biyu a kashe. Na uku ban kira ba, don ban san abin da zan yi da amsar ba.