Takardar da Ban Sa wa Hannu Ba

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a jami'a aka ba ni ɗalibi na farko da zan duba wa aikin digiri na biyu. Lokacin mulkin farar hula ne, motocin 'yan siyasa suna ta sintiri kan hanyar Shagari. Ni kuwa ban tare a birni ba, ina zaune a gidanmu na Bodinga, in tafi da safe in dawo bayan la'asar.

A zauren mahaifina na tashi, kuma da ajami na fara rubutu tun kafin in san boko. A wannan zaure ɗalibi ne yake zuwa da littafinsa, ya gurfana, ya buɗe, ya karanta. Malami ba ya aika a kira kowa. Ɗalibi ba ya juya shafi sai an ce masa ya wuce, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi ranar da zai sauke littafi ba. Ni kaina shekara huɗu na yi kan littafin fiƙihu guda, ba wanda ya ga na daɗe. Da wannan tarbiyya na shiga aikin jami'a.

Ranar da shugaban sashenmu ya ba ni ɗalibin, ya haɗa mini da takarda guda mai bayanin abin da ke wuyan malami mai duba aiki. In riƙa ganawa da ɗalibi, in karanta abin da ya rubuta in mayar masa da gyara, sannan a ƙarshen kowane zango in cika fom in faɗi inda aikin ya kai, in sa hannu. Fom ɗin yana zuwa ofishin da ke kula da manyan ɗalibai, daga can a sanar da ma'aikatar da ta ba mutum hutun karatu. Na karanta sau ɗaya, na ga abu ne mai sauƙi, na jefa a durowa.

Ɗalibin mutumin Lambara ne, malamin makaranta a wani ƙauye da ke gefen Kajiji. Ya girme ni da shekara biyar ko shida, yana da mata da 'ya'ya huɗu. An ba shi hutun shekara biyu ya yi karatu. Abin da yake bincike a kai shi ne masu haƙar rijiya na Lambara da Horo Birni, yadda suke gane inda ruwa yake, da takardun ajami da wasunsu suka bari. Saboda ajamin nan aka haɗa shi da ni. Akwai wani tsoho a Horo Birni wanda ya gaji haƙa wurin ubansa tun yana saurayi, shi kaɗai ya rage da zai iya bayyana alamomin da ke cikin takardun. Babi na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin, a bakin wannan tsoho yake.

Shekarar farko ta darussa ce, ya wuce ta lafiya. Da aka shiga ta biyu sai ya kawo mini babi uku na farko, rubutun hannu mai tsabta, cikin shuɗin fayil ɗaure da zare. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Na fara karantawa da niyya mai kyau. Amma karatun zaure na yi masa. Kowane layi sai na tsaya, na duba takardar asali, na yi sharhi a gefen shafi da ƙananan haruffa kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Mako guda na yi a kan shafi huɗu. Ana haka sai tsuke bakin aljihu ya zo. Malaman da suka zo daga ƙasashen waje suka fara tattara kayansu, aka zuba mana azuzuwansu. Man fetur ya yi wuya, wata rana sai hantsi ya dubi ludayi ina bakin titi ina jiran mota. Mahaifina kuma ya kwanta ciwo. Duk wannan gaskiya ne, kuma na daɗe ina jera wa kaina su. Amma fayil ɗin yana kan kabad a ɗakina, ina ganinsa duk safiya idan na ɗauki hula.

Shi kuwa ba ya wuce Juma'a biyu bai zo Bodinga ba. Bayan an sauko daga masallaci zai yi sallama a zaure, ya ajiye 'yar albasa ko ƙwaryar nono, ya zauna a ƙasa duk da na nuna masa tabarma. Mu yi zancen jikin mahaifina, da tsadar shinkafa, da rigimar 'yan jam'iyya a kasuwar Shagari. Mutum ne mai ban dariya idan ya saki jiki, yana kwaikwayon yadda masu neman ƙuri'a ke gaida tsofaffi har ƙasa. In ya tashi tafiya sai ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara takalmi.

"Allah shi gafarta Malam, ko akwai wani saƙo?"

"Babu, Malam, sai alheri."

Na san abin da yake tambaya. Amma sai in ce wa kaina ai ɗalibi ne yake buɗe littafi, in yana son zancen ya fito da shi fili. Ban yarda na tuna cewa littafin yana hannuna ba. Abin da ya hana ni magana shi ne kunya. Ban iya duban mutumin da ya girme ni, wanda ya hawo mota tun daga Kajiji, in ce masa shafi huɗu kawai na karanta ba.

Ƙarshen zango ya zo, akawun sashe ya kawo mini fom. Tambaya biyu ce a ciki: ko na duba aikin ɗalibi, kuma ko aikin yana tafiya yadda ake so. Na riƙe biro na kasa rubutu. Sa hannu shaida ce, kuma tun ina yaro an tsoratar da ni a kan shaidar abin da ido bai gani ba. Na taɓa ganin mahaifina ya ƙi shaidar cinikin gona don bai taka iyakarta da ƙafarsa ba. In na ce aiki yana tafiya, na yi shaidar zur. In na ce ba ya tafiya, na ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. A ƙasan fom ɗin akwai fili na ƙarin bayani, layi uku. Da na rubuta cewa ɗalibi ya kawo aikinsa kan lokaci, jinkirin daga wajena ne, da shi ke nan. Na ga filin. Na mayar da fom ɗin durowa, na ce sai na gama karatun in cika shi da gaskiya. Har na ji wani sanyi a raina, kamar wanda ya tsare amana.

Zango na gaba wani fom ɗin ya zo, ya bi na farko. Akawu ya tuna mini sau biyu a baranda, na ce masa yana nan tafe.

Damina ta yi nisa, ana ta hayaniyar zaɓe, sai na lura Juma'a uku ta wuce ɗalibina bai zo ba. Na ɗauka noma ne ya riƙe shi. Wata Litinin shugaban sashe ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai son zolaya, kuma Liman yake ce mini saboda ni nake jan salla a ɗan masallacin bayan ofis. Ranar bai yi dariya ba. Ya tura mini wata wasiƙa daga ma'aikatar da ta ba ɗalibina hutu. An ce tun da zango biyu ba a sami rahoto a kan malamin nan ba, an janye hutunsa, ya koma bakin aiki nan take. Wasiƙar ta yi wata guda da fita. A wannan lokaci dama neman inda za a rage nauyi ake yi, fayil ɗin da ba rahoto a ciki shi ake fara ɗauka.

Na yi masa bayanin shaida, da mahaifina, da gonar nan. Ya saurare ni har na gama.

"Liman, na ji. Tsoron Allah ya hana ka sa hannu. To, mi ya hana ka karatu?"

Ya ce shi ma yana da nasa kason, don ya kamata ya bi sawun fom ɗin tun na farko, amma in sani ba a ba ni ɗalibi don in tsare tsarkin hannuna ba. An ba ni shi ne don in kai shi ƙarshe kafin lokacinsa ya ƙare.

Cikin kwana uku na karanta babi ukun. Kwana uku kawai. Aiki ne mai kyau, gyaran da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Shagari, na wuce Kajiji, daga nan wani mai babur ya ɗauke ni kan hanyar burji da ruwa ya ciccinye. Gero ya fitar da kai, ko'ina kore. Na same shi a cikin aji, alli ya ɓata masa hannun riga. Da ya gan ni sai ya rikice, ya sa aka fito da kujerar hedimasta ƙarƙashin dalbejiya, shi ya tsuguna. Na ce ya tashi, ya ƙi.

Kafin in buɗe baki ya ce in yi masa izini, ya tafi ɗan ɗakin da yake kwana, ya dawo da fayil biyu. Ya ce dama yana ta neman ranar da zai kawo mini. Na buɗe na farko, na ga babi ukun nan ne, an sake rubuta su daga farko. Na buɗe na biyu, su ne dai, an sake su karo na uku. Ya ce da ya ga wata biyu ban ce komai ba, ya gane aikin bai kai ba, ina dai rufa masa asiri ne. Sai ya zauna ya sake. Da ya ga har yanzu shiru, ya kuma sakewa.

Na tambaye shi babi na huɗu, da tsohon Horo Birni. Ya sunkuyar da kai. Ya ce bai ga ya dace ya wuce gaba ba alhali malaminsa bai ce ya wuce ba. Sau biyu ya je gaida tsohon, har tsohon yana yi masa tsiya cewa ɗan boko ya zo da jaka ba tambaya, in bai yi sauri ba sai dai ya bi shi kushewa da biro. Allah ya yi wa tsohon rasuwa a farkon damina.

A zauren malamin garinsu ɗalibina ma ya tashi. Tarbiyyarmu ɗaya da shi.

Na gaya masa gaskiya. Na ce ban karanta aikinsa ba sai wannan mako, kuma ba shi da aibi tun na farko. Na gaya masa zancen fom biyu da ke durowata, da cewa ni ne sanadin janye hutunsa. Yara suna leƙowa ta taga, bai kore su ba.

"Allah shi gafarta Malam, da kun ce mini ba ku samu dubawa ba, ai da na tahi wurin tsoho ina jiranku. Ni dut zatona kun gani ne kunka yi shiru."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, ya ce haka Allah ya rubuta. Na san haka ne, amma na san kuma da hannun wa aka rubuta. Ya matsa sai na ci abinci, aka kawo fura, na sha ban ji ɗanɗanonta ba. Ya raka ni har inda mai babur yake jira.

Da na koma na cika fom biyun, na rubuta a filin nan na ƙasa abin da ya kamata in rubuta tun farko. Na haɗa da wasiƙa mai ɗora laifin a kaina, shugaban sashe ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Jami'a ta ƙara masa shekara guda. Ma'aikata ba ta amsa ba. Na je ofishinsu sau uku, ana ce mini mai fayil ɗin ya fita. Ana cikin haka soja suka karɓi mulki, aka shiga sallamar ma'aikata, malamin da aka zo dubawa ba a same shi a aji ba ya tafi ke nan. Mai 'ya'ya huɗu ba zai bar aji ya je yawon bincike ba, ni ma ban ce ya bari ba. Na riƙa zuwa wurinsa ranar Asabar, muka gwada gina babi na huɗu daga takardun kawai. Mun je Horo Birni tare, 'ya'yan tsohon suka fito mana da su cikin gafaka. Ina iya karanta kowane harafi. Amma akwai zane-zane a gefe, ɗigo uku a nan, layi mai lanƙwasa a can, kusa da sunayen itatuwa da na fadamu. Babban ɗan ya ce shi dai ya san baba yana duba su kafin ya sa a fara haƙa, amma shi tela ne, bai taɓa tambaya ba.

Shekarar ta ƙare, aka cire sunansa daga rajista.

Na duba aikin ɗalibai da yawa bayansa. Duk wanda ya kawo mini babi, a gabansa nake faɗin ranar da zai dawo ya karɓa, in kuma ranar ta zo ban karanta ba, in ce ban karanta ba. Wasu sun ɗauke ni mai tsanani don ina aika a kira su. Wannan bai mayar wa mutumin Lambara komai ba. Ya yi ritaya yana malamin aji, waɗanda suka shiga karatu tare da shi suka zama shugabanninsa.

Bai daina zuwa Bodinga ba, ko da yake tafiyar ta ragu zuwa salla-salla. Yana kawo albasarsa, mu yi zancen damina da na jikoki. In ya tashi yakan tsaya a bakin ƙofa ya gyara takalmi kamar da, sai dai yanzu sallama kawai yake yi ya tafi. Fayil ukun suna wurina. Na taɓa cewa zan mayar masa, ya ce in bar su, gidansa akwai gara.